Hunturu a Kebbi: Wace hanyar ɗumama ɗaki ce ba ta kisa?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin hunturu kan tsananta a garuruwan bakin fadamar Rima, irin su Gulma da Argungu. A gidaje da dama, kasko ake cikawa da garwashi a shigar ɗaki, a rufe ƙofa da taga. A nan haɗarin yake.

Idan gawayi yana ci inda iska ba ta wadata ba, yakan fitar da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Tana manne wa jini fiye da iskar oksijin har ninki 200, shi ya sa mai barci kan wuce bai farka ba. Murhun gas ma haka yake a rufaffen ɗaki.

Hitar lantarki ba ta hayaƙi, amma takan ci wat 1,000 zuwa 2,000, ga wutar ba kullum ake samunta ba, kuma tsohuwar waya na iya haddasa gobara.

A Turai, motocin da ake kwana a cikinsu suna amfani da na'urorin Truma da Webasto na Jamus. Gas ko dizal yana ƙonewa cikin rufaffen akwati, hayaƙi ya fice ta bututu, fanka ta hura iska mai tsabta ta jikin ƙarfen da ya yi zafi.

Darasin ɗaya ne: a raba hayaƙi da numfashi. A fitar da kasko kafin barci, a bar kafar iska. Wajibi ne hukumomin lafiya na jiha su riƙa yin wannan gargaɗi tun kafin sanyi ya kankama.