Keke, Tsakuwa da Daji a Gefen Birnin Shikago

Gabatarwa

Idan aka ambaci birnin Shikago na ƙasar Amurka, abin da yakan faɗo wa mutum a rai shi ne dogayen benaye da masana'antu da cunkoson motoci. Kaɗan ne suka san cewa birnin yana kewaye da gandayen daji. A gundumar Cook kaɗai, wadda Shikago take cikinta, kuma take ɗauke da mutum fiye da miliyan 5, an keɓe fili kusan eka 70,000, wato hekta 28,000, kimanin kashi 11 cikin 100 na ƙasar gundumar. Cikin waɗannan dazuzzuka, da kuma gaɓar kogunan da suka ratsa su, an shimfiɗa hanyoyin burji waɗanda ba a yarda mota ta bi ba.

Hawan keke a kan tsakuwa ya zama wasa mai zaman kansa a wannan ƙarni. A 2006 aka fara wani tsere na mil 200 a garin Emporia na jihar Kansas, a 2022 kuma aka yi gasar duniya ta farko a Italiya. Wannan ya ƙara yawan masu shiga dazuzzukan gefen birane. Tambayar da ke gaban mai nazarin halittu ita ce: ta yaya daji zai ɗauki sawun dubban mutane da tayoyinsu, ya kuma ci gaba da zama daji?

Yadda Aka Sami Dajin

A farkon ƙarni na 20 Shikago tana bunƙasa cikin gaggawa, gidaje suna cinye gonaki da kurmi. Wasu mutum biyu, Dwight Perkins mai zanen gine-gine da Jens Jensen mai tsara lambuna, suka fitar da rahoto a 1904 suna kira da a sayi dazuzzukan bayan gari tun kafin gini ya cim musu. Ƙoƙarin farko ya ci tura. Sai a 1913 jihar Ilinoyi ta yi dokar da ta tsaya, jama'a suka amince da ita ta hanyar ƙuri'a a 1914, sannan a 1916 aka sayi fili na farko, eka 500 a Deer Grove. Gundumar DuPage ta kafa tata hukumar a 1915, gundumar Lake kuma a 1958.

Darajar wannan hangen nesa tana fitowa idan aka dubi abin da ya sami sauran jihar. Kafin zuwan Turawa, Ilinoyi tana da filin ciyawa na asali kimanin eka miliyan 22. A yau abin da ya rage da kamanninsa na farko bai kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Garma ta kife sauran. Wani yanki mai muhimmanci na ɗan abin da ya tsira yana cikin waɗannan gandaye na gefen birni.

Hanyoyi Uku

Hanya ta farko tana bin kogin Des Plaines, wanda ya taso daga jihar Wiskonsin ya yi tafiyar kilomita 214 kafin ya haɗu da kogin Kankakee su zama kogin Ilinoyi. A gundumar Lake hanyar ta kai kilomita 50 na niƙaƙƙen dutse, daga kusa da iyakar Wiskonsin zuwa iyakar Cook, inda ta ci gaba kudu. Dalilin da ya sa ta bi kogi a fili yake: fadama ce mai ambaliya, wadda gini ba ya ƙarko a cikinta. Idan kogi ya cika, kamar yadda ya yi a watan Afrilu na 2013, ruwa yakan malale hanyar a rufe sassanta. Mahayi yakan yi ƙorafi, amma ruwan da ya kwanta a daji kwana da kwanaki shi ne wanda da ya shiga ɗakunan mutanen da ke ƙasa da wurin.

Hanya ta biyu, mai suna Illinois Prairie Path, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce da ta daina ɗaukar fasinja a 1957. A 1963 wata malamar ilmin tsirrai, May Theilgaard Watts, ta rubuta wa jaridar Chicago Tribune wasiƙa tana ba da shawarar a mai da kufan layin hanyar ƙafa. 'Yan sa-kai suka ɗauki maganar, yau hanyar ta kai kilomita 98, kuma tana cikin na farko-farkon irinta a Amurka. A wasu wuraren gefenta ana samun ciyayin asali, domin garma ba ta taɓa isa bakin dogo ba.

Ta uku ita ce ta Waterfall Glen a gundumar DuPage, zagaye ne na kilomita 15 da ya kewaye cibiyar binciken kimiyya ta Argonne. A nan mahayi yake haɗuwa da hawa da gangara, abin da ba a cika samu ba a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Tuddan kuwa tarin ƙasa da duwatsu ne da ƙanƙara ta turo ta jibge, kafin ta narke ta ja baya kimanin shekara 14,000 da suka wuce.

Kimiyyar Taya da Tsakuwa

Ita kanta tsakuwar tana da tarihi. Yawancinta niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa ne, kuma dutsen da ke ƙarƙashin yankin Shikago ya samu ne fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce, lokacin da wurin yake ƙarƙashin wani teku mai ɗumi marar zurfi, cike da murjani da halittu masu ɓawo. Ke nan mai keke yana murza ragowar halittun teku ne a tsakiyar tudu. An zaɓi wannan dutse don ya fi kwalta araha, yana daddalewa ya yi ƙarfi, kuma yana yi wa mai ƙafa da mai doki da mai keke daidai.

Keken tseren kwalta yana da siririyar taya, faɗinta milimita 25 zuwa 28, a cike tam da iska. Na tsakuwa kuwa tayarsa takan kai milimita 35 zuwa 50, kuma ba a cika mata iska sosai. Ɗalibi zai iya gano dalili da lissafi. Faɗin wurin da taya take taɓa ƙasa ya yi kusan daidai da nauyin da ke kanta a raba da matsin iskar cikinta. A ce mahayi da kekensa sun kai kilo 80, wato kimanin niyuton 800, kowace taya tana ɗauke da 400. Idan matsin iska ya kai bar 7, taya za ta taɓa ƙasa a fili kusan murabba'in santimita 6. Idan aka rage shi zuwa bar 2.5, filin zai kai murabba'in santimita 16.

Taya mai tauri idan ta ci karo da ɗan dutse sai ta hau kansa, ta ɗaga keke da mahayi gaba ɗaya, ƙarfin da ya kamata ya tura su gaba ya ɓace a jijjiga. Mai laushi kuwa sai ta lotsa ta haɗiye dutsen ta wuce. Saboda haka a kan burji ta fi sauri, ta fi kama ƙasa a kwana, ta kuma fi sauƙi ga jiki. Duk wanda ya saba kai kaya kasuwar ƙauye a keke ya san wannan a aikace, ko da bai taɓa lissafa shi ba.

Abin da Mahayi Yake Wucewa

A ƙarshen kaka ko farkon bazarar can, mahayi yakan tarar da hayaƙi da ma'aikata suna sa wa daji wuta da gangan. Asalin wannan ƙasa fili ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi, kuma wuta ce ta riƙe shi a haka shekaru dubbai, wata daga tsawa, mafi yawa daga hannun mutanen ƙasar na asali. Babban itacen wurin, Quercus macrocarpa, wani nau'in ok, yana da ɓawo mai kauri da ke kare shi daga wuta, ciyayin kuma saiwoyinsu suna nutsawa ƙasa mita biyu ko fiye, su sake tofowa bayan ƙuna. Da aka hana wuta, sai inuwa ta rufe ƙasa, 'ya'yan ok suka kasa tashi. Wannan ƙuna ta bambanta da ƙunar dajin da muka sani ta farauta: ana zaɓar rana, a auna iska da laima, a share iyaka, a ƙone yanki guda a bar na kusa da shi don ƙwari da ƙananan dabbobi su sami mafaka.

Babban abin da ya ci moriyar rashin wuta shi ne wani baƙon tsiro, Rhamnus cathartica, wanda aka kawo daga Turai a ƙarni na 19 don yin shinge. Yana riga tsirran gida fitar da ganye, yana kuma bin bayansu wajen kaɗewa, don haka yakan tare musu haske. Tsuntsaye suna cin 'ya'yansa su watsa irin. Bincike ya nuna cewa wani sinadari da yake fitarwa, emodin, yana cutar da ƙwayayen kwaɗi a kududdufai. Wanda ya ga yadda kacalla ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru zai fahimci irin wannan mamaya. Tun 1977 'yan sa-kai suka fara fitowa ranakun hutu suna sare shi da hannu, aikin da har yanzu bai ƙare ba.

Mahayi zai kuma ga busassun itatuwa tsaye a gaɓar kogi. Itatuwan ash ne, waɗanda wani koren ƙwaro daga Asiya ya kashe. An fara gano shi a jihar Mishigan a 2002, ya iso Ilinoyi a 2006. Tsutsarsa tana cin sashen da ke ƙarƙashin ɓawo, ta yanke hanyar abinci da ruwa, itace ya mutu cikin 'yan shekaru. Ɗaukar itacen wuta daga wani gari zuwa wani ya taimaka masa ƙwarai wajen yaɗuwa.

Ɗaya daga cikin halittun da hanya take shafa kai tsaye ita ce wata kififiya mai rawayar maƙogwaro, Emydoidea blandingii, wadda jihar ta sa cikin masu fuskantar ƙarewa. Ba ta fara ƙwai sai ta shekara 14 zuwa 20. A wajen watan Yuni macen takan bar fadama ta nemi ƙasa mai laushi da rana, wani lokaci gefen hanya. Dabbobi irin su rakun, waɗanda sharar birni ta ƙara wa yawa, suna tone mafi yawan ƙwan. Don haka mutuwar uwa ɗaya asarar shekara ashirin ce. Tun 1996 gundumar DuPage take ƙyanƙyashe ƙwan a killace, ta reni 'ya'yan har su yi ƙwari, sannan ta sake su.

Sawun Taya

Ƙasa mai lafiya kusan rabinta kafofi ne na iska da ruwa, kuma yawancin ƙananan saiwoyin itace suna cikin rabin mita na sama. Idan taya ta bi jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ta danne kafofin, ta bar kwari. Ruwan sama ya bi kwarin ya zaizaye shi. Mahayi na gaba ya kauce wa taɓo ya bi gefe, hanya ta yi ta faɗi tana cin daji. Laka da ta manne wa taya tana iya ɗaukar irin baƙin tsirrai daga wannan gandu zuwa wancan. Sabuwar hanyar da wani ya fasa don yanke kuma takan raba daji gida biyu, ta buɗe wa haske da masu cin ƙwai ƙofa zuwa tsakiyarsa.

A nan ne amfanin burji yake. Hanya guda mai ƙarfi tana tattara sawun jama'a wuri ɗaya, ta bar sauran dajin ya huta. Shi ya sa hukumomin gandaye suke haramta hawan keke a wajen hanyoyin da aka keɓe, suke rufe ƙananan hanyoyin ƙasa idan sun jiƙe, suke kuma rufe daji da faɗuwar rana, lokacin da dabbobi da yawa suke fitowa.

Kammalawa

Wani zai ce da an rufe dajin gaba ɗaya da ya fi tsira. Sai dai kuɗin sayen waɗannan filaye da kula da su yana fitowa ne daga harajin jama'a, kuma mutum ba ya kashe kuɗi a kan abin da bai taɓa gani ba. A 2022 masu ƙuri'a a gundumar Cook suka amince a ƙara musu haraji domin gandayen. Da wuya a raba wannan yarda da hanyoyin da suka saba bi da ƙafa da keke.

Malamai za su iya gwada wani sashe na wannan darasi a harabar makaranta. A cire gindin gwangwanaye biyu masu girma ɗaya, a kafa ɗaya a tsakiyar turbar da ɗalibai suke bi kullum, ɗaya a cikin ciyawa taku biyar daga wurin. A zuba musu ruwa daidai wa daida, a duba agogo a ga wanda ya riga shanyewa. Sannan a ƙirga nau'o'in tsirran da ke cikin murabba'in mita guda a kowane wuri, a rubuta sakamakon, a sake aunawa bayan damina.