Farin Inabin Baitalami

A Makera, in an ce abin sha, hankali yakan tafi kan burkutu ko kamfanin giya na Kakuri da aka buɗe a 1963. Ruwan inabi kuwa sai ranar Jibin Ubangiji, shi ma galibi ja. To, 'yan'uwa, akwai fari.

A tuddan Baitalami da Hebron ana noman farin inabi iri biyu, Hamdani da Jandali. Ba su yi suna kamar na Faransa ba. Shekara da shekaru ɗanye ake cinsu, shi ya sa irin bai ɓace ba. Gidan Katolika na Cremisan, kusa da Baitalami, mai matsar inabi tun 1885, yakan haɗa su biyun.

Ruwan ba zaƙi, sai ɗan tsami kamar lemo, don haka ya fi dacewa da gasasshen kifi ko kaza. A ganina tarwadar Kogin Kaduna za ta karɓe shi, amma a rage barkono, gama yaji yakan danne ɗanɗanonsa. Wanda ikilisiyarsa ta hana sha, 'ya'yan inabin sun ishe shi.

Abin damuwa, a 2015 Isra'ila ta ci gaba da gina katanga a kwarin Cremisan, inda iyalan Kirista 58 ke da gonaki.