Yadda Ake Koya wa Yaran Firamare Gane Mutuntarwa

Mutuntarwa ita ce a ɗauki hali ko aiki irin na ɗan Adam a jingina shi ga abin da ba mutum ba, ko dabba ce, ko tsiro, ko kayan aiki, ko ma abin da ido ba ya gani kamar yunwa da talauci. Direban da ya ce motarsa ta ƙi tashi ya yi mutuntarwa, domin ƙi sai mai ra'ayi. Haka uwar da ta ce barci ya sace ɗanta, ta mai da barci ɓarawo ke nan. Masana adabin Hausa, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, sun sanya ta cikin adon harshe a ƙarƙashin jinsintarwa, tare da 'yan'uwanta biyu: dabbantarwa, wato ba mutum halin dabba, da abuntarwa, wato mai da mai rai tamkar abu maras rai.

Waɗannan sunaye sun yi wa ɗan firamare nauyi, amma abin da suke nufi ba baƙonsa ba ne. Tun kafin a sa shi makaranta ya sha jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ya san zaki da fadarsa, ya san kura da kwaɗayi da wauta, ya san dila malamin daji. A kacici-kacici an ce masa "Baba na ɗaka, gemu na waje", ya kuma gane wuta ce da hayaƙi. Idan an sa ranar biki ya ji manya suna cewa rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, idan kuma ana sasanta 'yan'uwa ya ji an ce ko harshe da haƙori sukan saɓa. Saboda haka aikin malami shi ne ya sa yaron ya lura da abin da ya riga ya saba ji da faɗa. Malamin da ya buɗe darasi da rubuta ma'anar mutuntarwa a kan allo, ya ce a maimaita sau uku, zai sami masu hadda da yawa da masu ganewa kaɗan.

Shekarun yaro su ne abin dubawa na farko. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna a wani littafinsa na 1926 cewa ƙananan yara sukan ɗauka abubuwa marasa rai suna ji kuma suna da niyya, musamman masu motsi kamar gajimare da iska da wata. Masana na baya sun ga cewa yara kan rarrabe mai rai da maras rai da wuri fiye da yadda ya zata, amma duk mai zama da yara ya san ɗan shekara huɗu da zai yi tuntuɓe ya juyo ya mari kujera don ta buge shi. Wanda bai gama tabbatar da cewa kujera ba ta da mugunta ba, ba zai ga adon da ke cikin "kujera ta rama" ba. Don haka a aji ɗaya da biyu ya wadatar a ba da labari, a yi wasa, a riƙa jefa tambaya cikin raha: "Kun taɓa jin kura ta yi sallama a ƙofar gidanku?" Dariyar da za su yi ita ce shaidar sun fara raba zahiri da ƙirƙira. Daga aji uku zuwa huɗu ne ake iya shiga darasin sosai.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa tambayoyi biyu ce. A kan wa ake magana, mutum ne ko ba mutum ba? Abin da aka ce ya yi, wa aka sani da yin sa? Idan malama ta rubuta "Hunturu ya ƙwanƙwasa mana ƙofa", yara za su ce hunturu ba mutum ba ne, ƙwanƙwasa ƙofa kuwa aikin baƙo ne. Sai ta ja layi ɗaya a ƙarƙashin hunturu, layi biyu a ƙarƙashin aikin. In an yi haka da jimloli biyar ko shida, yaran da kansu za su nemi a faɗa musu sunan abin, a lokacin ne kalmar mutuntarwa za ta zauna, tun da suna jin "mutum" a cikinta.

Tambaya ta biyu ita ce mai tarko. Hausa cike take da maganganu irin su wuta ta ci rumbu, ƙasa ta sha ruwa, agogo ya mutu. Ci da sha da mutuwa ba na mutum kaɗai ba ne, akuya ma tana yi. An ba wuta rai, amma ba lalle an mai da ita mutum ba, kuma yawan amfani ya sa ba mai jin wani ado a cikinsu. Ya fi kyau a fara da ayyukan da ba a shakka a kansu: gaisuwa, tsegumi, rowa, kishi, alkawari, kai ƙara, jin kunya. "Kare ya yi haushi" magana ce ta zahiri. "Kare ya kai ƙara gaban alƙali" ita ce mutuntarwa. Yaro mai kaifin basira zai iya cewa ai "rana ta fito" ma mutuntarwa ce, tun da an ce "ta" kamar yadda ake ce wa mace. Sai a nuna masa cewa a Hausa kowane suna ko namiji ne ko mace, tebur "shi" ne, kujera "ita" ce, don haka "ya" da "ta" ba su zama hujja ba. Aikin da ya biyo bayansu ake dubawa.

Akwai kuma rikicewa da sauran adon harshe. "Audu zaki ne" dabbantarwa ce, domin mutum aka kai wajen dabba. "Mutuwa rigar kowa" siffantawa ce, an mai da mutuwa tufa. "Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya" ta mai da ƙarya itaciya. Ba a bukatar ɗan aji huɗu ya haddace sunayen duka. Ya isa ya iya cewa wannan ba mutuntarwa ba ce, ya kuma faɗi dalili.

Ganewa rabin aiki ce, kuma nan ne darussa da yawa suke tsayawa. Sauran rabin shi ne yaro ya fahimci abin da ya sa mai magana ya zaɓi faɗin haka. Ana ajiye jimloli biyu gefe da gefe: "Ruwan randa ya kusa ƙarewa" da "Randa ta yi mana rowa yau". Labari ɗaya suke bayarwa, amma ta biyu tana ɗauke da ƙishirwar mai magana da ɗan haushinsa, har da zolaya. Sai malama ta canza kalma ɗaya ta ce randa ta ji kunya, ta tambaya me ya sauya. Yanzu randar ta zama abin tausayi, kamar mai masaukin da baƙi suka sauka wa ba shiri. Da irin wannan sauyi yara ke gano cewa halin da aka ba abu yana nuna yadda mai magana yake ji game da shi. Tsohon kirarin nan na damina uwar albarka yana da daɗin tattaunawa a nan: me uwa take yi wa 'ya'yanta, me damina take yi wa manomi?

A irin wannan tattaunawa wani yaro kan ɗaga hannu ya ce, "Malama, ai wannan ƙarya ce, randa ba ta rowa." Tambaya ce mai kyau daga yaron da aka horar a gida da islamiyya kan gudun ƙarya, bai kamata a tsawata masa ba. Amsar ita ce maƙaryaci yana so a yarda da abin da ba haka yake ba, mai adon magana kuwa ya san kowa ya san randa ba ta da zuciya, ba wanda ya yaudara.

Daga nan sai ƙirƙira. Ko a ajin da yara suka yi yawa, alli da allo sun isa. A gefe ɗaya a jera abubuwan gida da na makaranta, tsintsiya, murhu, keke, ƙararrawa, a ɗaya gefen a jera halayen mutane, kowane layi na ɗalibai ya haɗa ɗaya da ɗaya ya gina jimla. Za a ji irin su murhu yana gunagunin ɗanyen itace, ko ƙararrawa ta kai tsegumin masu latti. Ana iya fito da yara biyu, ɗaya turmi ɗaya taɓarya, su yi gardama kan wanda ya fi shan wahala ranar suna. Sharaɗi ɗaya ne: halin ya dace da abin. Murhu yana gunaguni domin ɗanyen itace yana hayaƙi da tsartsatsi, kuma a tambayi yaron ya faɗi wannan dalili da bakinsa.

A aji biyar da shida ana komawa ga littattafai. Jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, da suka fito a farkon shekarun 1970, suna da misalai masu sauƙi. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, yana da aku mai ba ɗan sarki labarai don ya hana shi fita, har akun ya kai ga sarautar waziri. Aku na gaske yana kwaikwayon magana, na littafin kuwa yana tunani da dabara, kuma neman inda aka tsallaka daga wannan zuwa wancan aiki ne mai kyau ga 'yan aji shida. Wajen jarrabawa, tambayar "Mece ce mutuntarwa?" hadda kawai take aunawa. Wadda ta fi ita ce a ba yaro jimlar da bai taɓa gani ba, ya nuna abin da aka mutuntar, da halin da aka ba shi, da abin da marubucin yake so a ji, sannan ya rubuta tasa guda ɗaya.