Da ɗan gari akan ci gari: Yadda baƙo zai gano wuraren cin abinci masu kyau a Maiduguri

Kowace rana baƙi na sauka a Maiduguri, babban birnin Jihar Borno. Akwai fataken kifi da na shanu, da ɗaliban Jami'ar Maiduguri, da masu yi wa ƙasa hidima, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da masu jinyar 'yan'uwansu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar. Da yawa daga cikinsu sukan yi kwana da kwanaki a birnin, amma su koma gida ba su ɗanɗana komai ba sai dafa-dukar otal da taliyar mai shayi.

Ba rashin abinci mai kyau ne ke jawo haka ba. Abin da ke faruwa shi ne, mafi daɗin girkin Borno ba ya ƙarƙashin manyan alluna, kuma wayar hannu ba ta cika nuna inda yake ba. Wanda ke son ya same shi sai ya san sunansa, ya san lokacinsa, ya kuma san wanda zai tambaya.

A fara da sanin abin da ake nema

An kafa Maiduguri ta yanzu a shekarar 1907, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya dawo da fadar Borno Yerwa. Tun daga nan birnin ya zama mahaɗar Kanuri, da Larabawan Shuwa, da Babur, da Marghi, da Fulani, da Hausawa, da fataken Chadi, Kamaru da Nijar. Kowace al'umma ta zo da tukunyarta.

Abincin da ya fi fice shi ne burabusko, wato ɓarzajjen gero ko alkama ko masara da ake turarawa ya yi washar-washar, a ci da miyar ganye mai gyaɗa ko miyar yakuwa, wadda Kanuri ke kira karasu. Akwai ndaleyi, tuwo mai laushi da ake yi da geron da aka jiƙa aka tace. Akwai sinasir, wanda ya bazu a Arewa amma har yanzu ake danganta ƙwarewarsa da matan Borno. Larabawan Shuwa na da kisira, mai kama da sinasir amma ta fi shi siranta, irin wadda ake ci a Chadi da Sudan.

A ɓangaren nama kuwa, sunan da ya kamata baƙo ya riƙe shi ne danderu: nama ne da ake cuɗawa da kayan ƙamshi, a bar shi a kan wuta kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i har ya yi laushi. A abin sha akwai ardeb, wanda ake yi da tsamiya, ga kunun gyaɗa da zoɓo.

Sanin waɗannan sunaye na da amfani ƙwarai. Baƙon da ya tambayi inda ake sayar da abinci mai kyau, galibi za a nuna masa gidan abinci mai na'urar sanyaya ɗaki, domin ana zaton abin da yake so ke nan. Wanda ya tambayi inda zai samu burabusko da miyar karasu, za a gane da gaske yake, a kai shi inda 'yan gari ke ci.

Wa za a tambaya?

Tun shekarar 2011 aka hana haya da babur a Maiduguri saboda matsalar tsaro, don haka Keke Napep ne babban abin hawa a cikin gari. Direbobinsa suna wuni suna zagaya birnin, daga Bulumkutu zuwa Kwastam, daga Tashar Bama zuwa hanyar Baga, kuma su ma a waje suke cin abinci. Sun san mai abincin da ba ta kwana da miya, sun san mai tsiren da namansa ke ƙarewa da wuri.

Dabarar ita ce a tambayi mutum inda shi kansa yake ci, maimakon inda yake ganin ya dace da baƙo. Haka za a yi da maigadin masauki, da ɗan kasuwar da aka yi ciniki da shi, da abokin aiki ɗan gari. Idan mutum biyu ko uku da ba su san juna ba suka ambaci wuri ɗaya, to an dace.

Hausa na wadatar da baƙo a kusan ko'ina cikin birnin. Sai dai kalmar “wushe”, wato sannu da Kanuri, takan sa fuskar mai abinci ta sake, wani lokaci har ta ƙara gyara.

A bi kasuwa

Inda kaya ke sauka, nan abinci ya fi zama sabo. Kasuwar Monday Market, wadda duk da sunanta kullum take ci, ita ce babbar kasuwar birnin. Gobara ta cinye mafi yawanta a watan Fabrairun 2023, aka sake gina ta, harkoki suka dawo. Masu abincin da ke kewayenta suna ciyar da 'yan kasuwa ne, mutanen da za su dawo gobe da jibi, don haka ba su da damar yin sakaci da girki.

Kasuwar kifi ta hanyar Baga ita ce ƙofar da kifin Tafkin Chadi ke shigowa ta cikinta kafin a yi lodinsa zuwa Kano, Anaca, Legas da sauran birane. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya daɗe yana durƙusar da wannan sana'a, amma har yanzu bandar Maiduguri ce tsarabar da aka fi nema. Bandar kirki takan bushe ƙarau, ba ta da danshi, ba ta zubar da gari idan an girgiza ta, kuma ƙamshin hayaƙi take yi. Wadda ke warin magani a bar ta, domin akan samu masu yayyafa wa kifi maganin ƙwari don kada ya lalace a hanya.

Birnin kuma babbar matattarar dabbobi ce, inda shanu, raƙuma da awaki ke shigowa daga ƙasashe maƙwabta. Wannan ne ya sa tsire, balangu da kilishi suke da yawa. Mai tsiren da ya amsa sunansa yakan gasa a gaban mai saye, kuma namansa ba ya kai tsakar dare.

Kowane abinci da lokacinsa

Da sassafe lokacin ƙosai ne, da waina, da sinasir, da kunu. Masu tuwo da burabusko sukan sauke tukunya ne wajen azahar. Wanda ya zo bayan la'asar sai dai ya tarar da ƙanzo. Nama kuma na bayan magariba ne.

Zafin gari ma abin lura ne. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, abinci kuma kan lalace da sauri. Ga matsalar lantarki: a farkon 2021 'yan ta-da-ƙayar-baya sun lalata turakun da ke kawo wuta birnin, aka daɗe cikin duhu, har aka ƙaddamar da tashar lantarki mai amfani da iskar gas a 2023. Saboda haka ba kowane firji ne abin dogaro ba. Wurin da ake girka abinci a sayar da shi ya ƙare a wunin ya fi aminci a kan wanda ke da doguwar takardar jerin abinci amma babu masu saye.

A watan Ramadan yawancin wuraren cin abinci ba sa buɗewa da rana. Baƙon da ba ya azumi sai ya tsara da masaukinsa tun da wuri. Da an sha ruwa kuwa, birnin kan cika da masu sayar da kayan buɗa-baki.

Shayi da hira

A wasu biranen duniya mashaya ce dandalin hirar dare. A Maiduguri teburin mai shayi ne ke wannan aiki. Borno na cikin jihohin da ke aiki da Shari'ar Musulunci, kuma a 2017 gwamnatin jihar ta sanar da haramta sayar da barasa in ban da cikin barikoki. Wajibi ne baƙo ya kiyaye wannan doka.

Mutanen Borno ma'abota shayi ne mai ƙarfi, wanda ake dafawa da citta, kanumfari da sauran kayan ƙamshi, a zuba a ƙananan kofuna. A majalisar shayi ne ake jin labarin gari, daga farashin wake zuwa wasan El-Kanemi Warriors. Abin da ya dace da baƙo shi ne ya yi sallama, ya fi mai da hankali ga sauraro, kada ya buɗe hira da tambayoyi kan rikici. Mutane da yawa a wurin sun rasa wani nasu.

Lafiya da tsaro

A watan Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, kuma bayan haka hukumomi suka tabbatar da ɓullar cutar kwalara a jihar. Darasin da ke ciki ya shafi kowane lokaci, musamman damina: a sha ruwan da aka tabbatar da tsabtarsa, a ci abinci da zafinsa, a wanke hannu da sabulu. A dubi ruwan da ake wanke kwanuka da shi, a dubi ko an rufe abinci daga ƙuda. Zoɓo da ardeb masu ƙanƙara a saye su a wurin da aka amince da ruwansa.

Ta fuskar tsaro, rayuwa ta farfaɗo sosai a cikin birnin, amma dokokin zirga-zirgar dare kan sauya gwargwadon hali. A tambayi masauki lokacin da Keke Napep ke daina aiki, a riƙe katin shaida, a kuma nemi rakiyar ɗan gari idan za a shiga unguwar da ba a sani ba. Yana da kyau a riƙe ƙananan kuɗi, domin ba kowace mai abinci ke karɓar tura kuɗi ta waya ba.

Abin da kuɗi ba ya saye

Duk da haka, ƙololuwar girkin Borno tana cikin gidaje da wuraren biki. A nan ne ake ganin danderu da ndaleyi yadda iyaye suka gada, cikin ƙamshin turaren wutar da aka san jihar da shi. Idan abokin aiki ko abokin ciniki ya gayyaci baƙo gida ko ɗaurin aure, kada ya yi wasa da gayyatar. Ya tafi da 'yar tsaraba, ko da dabino ne ko goro.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa fita neman abincin gari ke da muhimmanci. Da yawa daga cikin matan da ke suyar ƙosai da sayar da tuwo a bakin titunan Maiduguri, rikici ne ya raba su da garuruwansu irin su Bama, Baga, Gwoza da Dikwa, wasu kuma ya raba su da mazajensu. Da cinikin wannan tukunya suke ciyar da marayu, suke biyan kuɗin makaranta. Baƙon da ya zauna a bencinsu ya ci ya biya, ya samu abin da otal ba zai ba shi ba, kuɗinsa kuma ya shiga gidan da ake buƙatarsa.