Me Ake Shimfiɗa wa Mesa a Keji?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a Funtuwa, ya rubuto yana cewa ya ji wai a ƙasashen Turawa har mesa ake kiwo a gida. Shi ne yake tambaya, in gaskiya ne, me suke shimfiɗa mata? Ko dusar katako irin ta kaji ta isa?

To malam, zancen nan gaskiya ne. A Amurka da Ingila akwai masu ajiye mesa cikin keji na katako da gilashi, kuma ƙasashen Gana da Togo da Binin sun daɗe suna sayar musu da ƙaramin jinsinta.

Ita mesa da ciki take tafiya, saboda haka lafiyarta na tattare da abin da take kwance a kai. In shimfiɗa ta jiƙe ta daɗe, fatar cikinta sai ta yi ƙuraje ta fara ruɓewa. In kuwa ta bushe ƙarau, saɓa ba za ta fita gaba ɗaya ba, sai ta maƙale mata a ido da bakin wutsiya. Shi ya sa masu kiwo da yawa suka fi son ɓawon kwakwa da aka daddatsa, don yana riƙe laima ba tare da ya yi caɓi ba.

Batun dusar katako kuwa, a yi hattara. Icen sida da na fayin suna da wani mai mai ƙamshi da ke taɓa huhun maciji. Yashi ma ba a sonsa, don takan haɗiye shi tare da abinci ya toshe mata hanji. Abin mamaki, mafi arha shi ne tsohuwar jarida. Ba ta da kyan gani, amma babbar mesa in ta yi kashi ba kaɗan take yi ba, sai a naɗe takardar a yar, a shimfiɗa sabuwa. A wanke hannu da sabulu bayan nan, domin kashinta na ɗauke da ƙwayar cutar gudawa.

Amma fa malam, in sha'awa ce ta kama ka, ka sani mesar dajinmu takan wuce mita 4. A shekarar 2013 irinta ta sulale daga keji a ƙasar Kanada, ta kashe yara biyu suna barci.