MURHUN GAS A WAJEN RANGADI: Yadda a Ke Gane Abin da Ya Same Shi

Da, in Hakimi zai fita rangadi, a kan tanadi itace da kananzir a kowane zango. Yanzu itace ya yi wuya a arewacin Jihar Jigawa, kananzir kuma ya yi tsada tun da Gwamnati ta janye tallafinsa cikin 2016. Saboda haka kuku ya kan saka 'yar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6 a bayan mota. Haka nan direbobi da fatake masu zuwa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, waɗansunsu a gindin motocinsu su ke girki, a ciki kuma su ke kwana. To, ba kowane ƙauye na Gagarawa ko Sule Tankarkar ke da mai gyaran murhu ba. Don haka muka shirya wannan bayani domin Hakiman ƙasar Gumel da malamansu, su san abin da mutum zai iya gyarawa da kansa, da abin da bai kamata ya taɓa ba.

Halin gas

Abin da ke cikin tukunya iri biyu ne a gauraye, masana na kiransu furofen da buten. An matse su ne har suka zama kamar ruwa. In an buɗe sai su koma iska, su kumbura wajen ninki 250. Wannan iska ta fi wadda mu ke shaƙa nauyi, watau in ta tsere ba ta tashi sama, sai ta kwanta ƙasa, a rami ko a ƙasan mota. Asalinta ba ta da wari. Da gangan a ke zuba mata wani magani mai ɗoyi, don hanci ya ba da labari kafin wuta ta bayar.

Gas na bin hanya ɗaya: daga tukunya zuwa regileta, watau abin nan da a ke ɗaurawa a bakinta don rage ƙarfin iska, sa'an nan tiyo, sa'an nan kan murhu. Duk abin da ya ɓaci, a ɗayan wuraren nan huɗu ya ke. Mai bincike sai ya bi su daki-daki daga tukunya, kada ya fara da kwance murhu.

1. In murhu ya ƙi kamawa

A fara tabbatar da akwai gas. Nauyin tukunya in ba kome a cikinta yana rubuce a jikinta. A ɗora ta a sikeli, a ɗebe wannan, abin da ya rage shi ne gas. In akwai, a duba ko regileta ta zauna daidai, ko kuwa tiyo ya lanƙwashe a ƙarƙashin kaya. Waɗansu regiletoci su kan toshe kansu in an buɗe su gaba ɗaya da gaggawa. Maganin wannan shi ne a rufe kome, a dakata minti ɗaya, a sake buɗewa sannu a hankali.

In duk wannan bai yi ba, saura kan murhu. A nan ƙasar abubuwa uku su kan toshe shi: ƙurar hunturu, da saƙar gizo-gizo, da zanzaro mai gina ɗakinsa na laka a cikin bututun iska. Murhun da aka ajiye tun rangadin bara, da wuya a rasa ɗayansu. A bari ya huce, a cire kan, a goge da tsohon buroshi, a busa. Amma kada a soka allura ko waya cikin 'yar kafar da gas ke fitowa. In ta yi faɗi, murhun ya lalace ke nan, ba zai sake ba da wuta mai kyau ba.

2. In wuta ta yi rawaya

Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce, tsayayya. In ta yi rawaya, tana baƙanta gindin tukunyar girki, to iska ba ta isarta. Wannan ya fi kowace illa haɗari, gama irin wutar nan ta kan fid da wata iska mai guba, wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Alamunta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin kome, har rai ya yi halinsa. Ko murhu mai lafiya ya kan fid da ita in an kunna shi a wurin da ke rufe, domin ya kan cinye iskar wurin.

Saboda haka lalle ne a hana mutane kunna murhu don jin ɗumi cikin mota, ko tanti, ko ɗakin da aka toshe tagoginsa lokacin sanyi. In an ga mutum biyu ko uku da suka kwana wuri guda sun tashi da ciwon kai, a fitar da su sarari nan da nan, a kai su asibiti.

3. In wuta ta yi rauni

Tukunya ƙarama in an daɗe ana girki da ita ta kan yi sanyi, har jikinta ya yi raɓa, wuta ta ragu. An fi ganin haka da asuba cikin hunturu, ko in gas ya kusa ƙarewa. A rage wuta, ko a kashe ta huta. Kada a kuskura a gasa tukunya, ko a kwantar da ita, ko a kife ta don a tatsi saura. Yin haka ya kan tura ruwan gas cikin tiyo, wuta ta tashi ba zato.

4. In an ji wari

A rufe bakin tukunya, a kashe kowace wuta har da taba, kada a ta da mota, kada a taɓa makunnin lantarki. A buɗe ƙofofi, a fitar da tukunya fili. Sa'an nan a kaɗa ruwan sabulu, a shafa a bakin tukunya, da regileta, da duk tsawon tiyo. Inda kumfa ya riƙa tasowa, nan ne ɓarakar. Ba a neman yoyon gas da ashana.

In tiyo ne ya tsage, ko ɓera ya ci, a sake sabo, kada a ɗaure da roba ko leda. In 'yar robar bakin tukunya ce ta mutu, ita ma a sake ta. Amma in jikin tukunya ne ke yoyo, ko bakinta ya ƙi rufuwa, wannan ba gyaran gida ba ne. A bar ta a fili nesa da wuta, a kori jama'a, musamman yara, a aika wa ma'aikatan kashe gobara. Kada a kai wa mai walda.

5. Firji mai gas

Wasu masu tafiya da wasu ɗakunan magani suna da firji mai aiki da gas, ko da ya ke mai aiki da hasken rana yana maye gurbinsa. In ya ƙi sanyi, a duba zamansa, domin ba ya aiki a karkace. Bayan an kunna ya kan ɗauki sa'o'i kafin ya yi sanyi. In wutarsa tana mutuwa da zarar an saki maɓalli, a riƙe shi a danne kamar daƙiƙa 30. In har yanzu tana mutuwa, ƙarfen da ke gadin wutar ne ya gaji, sai mai gyara.

Ɗaukar tukunya a mota

Ba a cika tukunya maƙil. A kan bar kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100, don gas ya sami wurin kumbura in ya ji zafi. Zafin bazara a Gumel ya kan wuce digiri 40, cikin mota rufaffiya kuwa ya fi haka nesa. To, a ɗauki tukunya a tsaye, a ɗaure, a rufe bakinta, a cire murhu daga kanta, kada a bar ta cikin mota a rana. Hukumar SON mai duba ingancin kaya ta ƙayyade wa tukunya shekara 15, a kuma riƙa gwada ta kowace shekara 5. Wadda ta yi tsatsa ko ta loɓa, a daina aiki da ita.

Abin da a ke roƙon Hakimai

Muna roƙon Hakimai su sa malamansu su karanta wa dagatai da masu unguwa wannan bayani kafin shigowar sanyi, a kuma sanar da shugabannin direbobi a tasha da kasuwa. Kafin a fita rangadi, malami ya sa a kunna murhu a gabansa, ya ga launin wutar, a gwada da ruwan sabulu. Wannan aiki bai fi na minti biyar ba, kuma gara a yi shi a ƙofar gidan Hakimi da a yi shi a zango da dare.