Dalilin Mutuwar Kwamfuta In An Ƙara wa Katin Hoto Gudu

Akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu kwamfuta irin ta kan tebur, har ta iso wa 'yan'uwanmu ɗalibai da malamai, watau ƙara wa katin hoto gudu fiye da yadda maƙeransa suka ƙayyade masa. Turawa na ce da wannan obakulokin. Mutum ya kan buɗe manhaja irin su MSI Afterburner, ya ɗaga ma'auni kaɗan, sai ya ga wasa ko aikin zane ya ƙara sauri. Yana cikin murna sai kwamfuta ta mutu ɗif, kamar an hure fitila, aikin da bai adana ba kuwa ya tafi ke nan. Abin da ya kan fara zuwa ransa shi ne kati ya ƙone. To, galibi ba haka ba ne. Akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta ne ya ga kaya sun fi ƙarfinsa, ya yanke don kada a yi ɓarna.

Katin hoto shi ne ɓangaren da ke lissafin abin da a ke gani bisa allo. Ana auna gudunsa da megahaz, wutar da ya ke ci kuwa da wat. Katin kamfanin Nvidia mai suna GTX 1060, wanda ya fito cikin 2016, wat 120 ya ke ci. RTX 3080 na 2020 kuwa wat 320 ya ke ci, har kamfanin ya ba da shawara a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 750.

Doki mai sukuwa ya fi mai tafiya cin hatsi, hakanan kati. Amma lissafin yana da abin mamaki. In ka ƙara gudu, cin wuta ya kan ƙaru daidai da ƙarin. In kuwa ka ƙara ƙarfin lantarki, watau bolt, sai a buga ƙarin sau biyu. Misali, ka ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, bolt kuma da kashi 5. Buga 1.10 da 1.05, ka sake bugawa da 1.05, za ka sami wajen 1.21. Watau katin da ke cin wat 320 ya doshi 388, muddin ka ɗage masa iyakar wuta.

Ban da wannan, cin wutar kati ba ya tafiya bai ɗaya. Sa'ad da aiki mai nauyi ya faɗo masa, ya kan zabura ya ja wuta mai yawa cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Saboda haka ne cikin 2022 kamfanin Intel ya fito da ƙa'idar ATX 3.0, wadda ta ce manyan akwatunan wuta su iya jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan wannan lokaci. Tsohon akwati, ko mai araha, da ya ji wannan zabura sai mai gadin da ke cikinsa ya kashe kome.

Kafin a taɓa wani abu, sai a lura da yadda kwamfutar ta ke faɗuwa, gama kowace cuta da alamarta. In ka ga ɗige-ɗige, ko layuka, ko launuka marasa kan gado a bisa allo, galibi ma'ajiyar katin ce aka matsa wa. In allo ya yi baƙi ya dawo, ko wasa ya rufe kansa alhali fankoki na ta juyawa, ƙwaƙwalwar katin ce ta kasa gudun da aka ɗora mata. Windows ta kan jira kati daƙiƙa 2, in bai amsa ba ta sake tayar da manhajar da ke tuƙa shi. In kuwa kome ya mutu gaba ɗaya, har wani lokaci ta ƙi tashi sai an kashe makunnin baya an sake kunnawa, to, a tuhumi wuta ko zafi. Ga yadda a kan raba su: zafi ya kan taru a hankali, sai an yi mintoci ana aiki, ta wuta kuwa ta kan auku nan take da an shiga aiki mai nauyi. Wanda ya duba Event Viewer zai ga Kernel-Power 41, amma abin da wannan ke faɗi kurum shi ne kwamfuta ta mutu ba bisa ƙa'ida ba. Ba ya faɗin dalili.

Yanzu ga hanyar bincike. Sharaɗinta guda ne: kada a canja abu biyu a lokaci ɗaya, don in an yi haka ba a sanin wanda ya yi magani.

Na farko, mayar da kati yadda ya zo daga maƙera, sa'an nan ka gwada shi rabin sa'a da manhajar gwaji irin su FurMark ko Unigine Heaven. In har ta mutu a haka, ashe cutar ta riga ƙarin gudu.

Na biyu, duba zafi da GPU-Z ko HWiNFO. Katunan Nvidia da yawa su kan rage gudu da kansu in sun kai wajen digiri 83, ba su kan kashe kwamfuta ba sai zafi ya wuce nan sosai. Duba zafin firosesa kuma, gama iskar da kati ke fitarwa tana dumama shi. Buɗe murfin gefe, ka hure ƙurar hunturu da ta toshe fankoki, ka janye kwamfutar daga jikin bango.

Na uku, rage iyakar wutar katin zuwa kashi 80 cikin 100, ka sake gwaji. In mutuwar ta daina alhali zafi bai yi yawa ba tun farko, lalle akwatin wuta ne ko wayoyinsa.

Na huɗu, duba wayoyin. Ramin da a ke soka kati yana ba da wat 75, filogi mai ido 6 wat 75, mai ido 8 kuwa wat 150. In katinka na son filogi biyu, ya fi kyau kowanne ya sami wayarsa daga akwati, maimakon waya guda mai reshe biyu. Tura kowane filogi har ya kama sosai. Kada kuma ka ɗauki wayar wani akwati ka sa a wani, ko da bakinsu ya yi daidai, gama haɗin cikinsu ya kan bambanta, yana iya ƙona kati.

Na biyar, karanta takardar da ke manne a jikin akwatin wuta. Kati daga layin bolt 12 ya ke sha. In an rubuta amfiya 30 a wannan layi, buga 30 da 12, wat 360 ke nan, ko da an rubuta 500 da manyan baƙaƙe a kwali. Tambarin 80 Plus ƙarancin asarar wuta ya ke nunawa, ba yawan ƙarfi ba.

Na shida, kada a manta da bango. Wutar ƙasarmu bolt 230 ce bisa ƙa'ida, amma kowa ya san ta kan yi ƙasa, ƙaramin janareta kuma ya kan shaƙe in kaya sun yi masa yawa. Ƙaramar UPS mai lamba 650 ba ta kan ɗauki fiye da wajen wat 400 ba. Cire ta, da doguwar wayar da ɗaki duka ke sha a kai, ka gwada a soket mai kyau.

In duk alamu sun nuna akwatin wuta, ari mai ƙarfi wurin aboki ka gwada tukuna kafin ka fid da kuɗi. In za ka saya, tuna araha ba ta ado. Gargaɗi kuma: kada ka kuskura ka kwance akwatin wuta, gama akwai abubuwa a ciki da ke riƙe lantarki mai kisa ko bayan an zare waya.

Bayan an sami lafiya, wanda ke son ƙarin gudu sai ya bi a hankali, megahaz 15 a kowane mataki, ya gwada, ya rubuta a littafi, kana ya ƙara. Inda ta fara tangarɗa, ya koma baya mataki biyu ya tsaya. Kada ya umurci manhaja ta riƙa ɗora ƙarin da an kunna kwamfuta sai ya tabbata ya zauna. Ribar duka galibi ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba, saboda haka wanda ke da aikin jarrabawa ko shirin darasi a kwamfutarsa, ya adana shi wani wuri dabam tun kafin ya fara. Sauri ya kan haifi nawa. Allah ya sa mu amfana.